Mambila ko Obudu: Wanne Ya Fi Dacewa da Tafiyar Kwanaki a Kan Babur?

Ɗan'uwa, ka ce ku huɗu ne za ku tashi daga Gombe a kan baburanku ƙirar Bajaj Boxer, kuna da kwana biyar, kuma kun kasa tsayar da magana tsakanin tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba da na Obudu da ke Jihar Kuros Riba. Shawarata ita ce ku nufi Mambila, amma da sharaɗin ku ƙara kwana biyu a kan lissafinku.

Ta fuskar tsawo wuraren biyu kusan ɗaya suke, domin kowannensu yana wajen mita 1,600 sama da teku. Bambancin yana ga abin da za ku tarar idan kun hau. Obudu wurin shaƙatawa ne guda ɗaya, wanda aka kafa a 1951 a matsayin gandun kiwon shanu, daga baya ya zama masaukin masu yawon buɗe ido a Ƙaramar Hukumar Obanliku. Titin da ke hawa can samansa kilomita 11 ne, mai lanƙwasa fiye da ashirin, kuma ko shakka babu yana da daɗin tuƙi, sai dai cikin ƙasa da sa'a guda kun gama da shi. Kafin ku kai gindinsa kuwa sai kun ratsa Numan da Jalingo da Wukari da Zaki Biam da Katsina-Ala, tafiyar da akasarinta fili ne mai zafi, ana gogayya da tireloli. Wato za ku kashe kwana huɗu a zuwa da dawowa saboda hawan safiya ɗaya.

Mambila kuwa ƙasa ce sukutum a kan dutse. Daga Jalingo za ku bi ta Garba Chede zuwa Bali, sannan Serti, inda hedikwatar Gandun Dajin Gashaka-Gumti take, wanda shi ne mafi girma a Najeriya, kuma ta wannan yanki ne dutsen Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 yake, wanda babu kamarsa a ƙasar. Hawan gaske yana farawa ne daga Mayo Selbe. Da zarar kun kai Maisamari za ku ji iska ta sauya, daga nan kuma titi ya ci gaba da hawa da gangara a tsakanin tuddai masu ciyawa da garken shanu, ya bi ta Nguroje har Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna. A saman akwai abin da zai cika muku kwana biyu ba tare da kun maimaita hanya ba: gonar shayi ta Kakara, da kurmin Ngel Nyaki da ke kusa da ƙauyen Yelwa, da bakin kogin Donga a ƙasan Gembu, inda ake ɗora babura a kwalekwale a tsallaka da su. Fulatanci ne ya fi yawo a kasuwanni, amma Hausa za ta saya muku mai da abinci, ta kuma nema muku masauki, abin da ba lallai ne ku samu cikin sauƙi a ƙauyukan Obanliku ba.

Inda Obudu ya yi zarra shi ne hutu. Masauki da abinci suna wuri ɗaya, kuma wanda ya tafi da iyali a mota ba zai yi nadama ba. A Mambila sai an haƙura da ɗan ɗakin da aka samu, ga sanyin asuba da zai sa mutum ya nemi ruwan zafi kafin ya yi alwala.

Batun babur shi ne ya fi bukatar natsuwa, kuma ya shafi wuraren biyu, ko da yake a Mambila za ku fi daɗewa a cikinsa. Iskar saman dutse ba ta da kauri kamar ta ƙasa, saboda haka injin yakan rasa wani kaso na ƙarfinsa, kusan kashi 15 cikin ɗari a irin wannan tsawo, kuma ƙaramin babur da ya ɗauki goyo da kaya zai riƙa nishi a giya ta ɗaya. Kowa ya hau nasa shi kaɗai, kayan kuma su zama kaɗan. Gangara ta fi hawa haɗari. Za ku ga ƴan acaɓan yankin suna kashe inji su saki babur don tsimin mai. Kada ku yi koyi da su, domin sun haddace kowace kwana, ku kuwa baƙi ne. Ku bar babur a giya ta biyu injin ya riƙe shi, saboda birkin da aka danne tsawon gangara yakan yi zafi ya daina kamawa. Kafin tashi a sauya baƙin mai da takalmin birki, a duba sarƙa, a kuma riƙe fulogi da wayar kuloci da kayan faci da famfo. Amfanin Boxer a nan shi ne kusan kowane bakanike na ƙauye ya san cikinsa. Ku cika tanki a Bali da Serti ko da bai yi rabi ba, don gaba mai yakan yi tsada, wani lokaci kuma sai a hannun ƴan bumburutu.

Lokacin tafiya ya zama tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da damina hazo yakan rufe hanya har mutum ya kasa ganin fitilar na gabansa, jar ƙasar hanyoyin ƙauye ta zama santsi, ruwa kuma yakan ci gadoji.

Ga yadda zan raba kwana bakwai: kwanan farko a Jalingo, na biyu a Serti, sai ku hau dutsen da safe ku yi kwana biyu a Gembu ko Nguroje, sannan ku dawo a kan wannan tsari. Idan kwana biyar ɗin ba za su ƙaru ba, ku loda baburan a mota zuwa Jalingo ku fara tuƙi daga can. Kada ku yi tafiyar dare a kowace daga cikin hanyoyin biyu, kuma kowace safiya ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro. Takardun babur da lasisi da katin shaida su kasance a aljihun gaba saboda shingayen bincike suna da yawa, musamman da yake yankin yana kan iyaka da Kamaru. Wasu jihohi kuma sukan taƙaita zirga-zirgar babura a wasu lokuta, don haka ku binciki dokar Adamawa da ta Taraba mako guda kafin ranar tashi.