Gyaran gidan kakanmu a birnin Zariya: yadda muka yi da maginan gargajiya

Damina biyu ke nan da gama gyaran gidan kakanmu da ke cikin birnin Zariya. Da gangan na jinkirta wannan sharhi, ina so in ga yadda ginin zai yi da ruwan Agusta tukuna.

Gidan na tubali ne: zaure, shigifa, soro biyu, sai ɗakunan cikin gida. Tun rasuwar kaka aka daina yaɓe, indararo biyu suka karye, ruwa ya riƙa bin bango. Yayyena sun so a rushe a tayar da na bulo. Inna ta ce sai dai bayan ranta. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, a ce a garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a shekarun 1830 an rasa mai gyara soro? Na yi ta cigiya har aka haɗa ni da wani dattijon magini, da nake kira Baba, da yaransa shida, na kuma ɗauko wani matashi mai zanen gine-gine don ɓangaren zamani.

Ranar farko na sauke buhunan siminti a ƙofar gida, nufina a shafe bangon waje a huta. Baba bai ce komai ba, ya ja ni wani kango da ke bayan layinmu wanda aka taɓa shafe shi da siminti, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Sai ka ji kamar ganga. Ya ce, "Alhaji, ka ji ko? Ƙasa tana shan ruwa ta fitar. Siminti kuwa kulle shi yake a ciki, bango ya ruɓe kana kallonsa lafiya lau." Ya sa hannu ya ɓamɓaro wani ɓangare, ƙasar da ke baya ta zubo kamar gari. Simintin nan dai a dakali da magudanar gindin bango ya ƙare, kuma nan ne wurinsa.

Bangon waje makuba suka yi masa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufin soro kuma laso: haɗin katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a ramin marina, da gashin jima, da ruwan dafara, wata tsiro mai yauƙi. Ban taɓa ganin haɗinsa ba sai a aikin nan. Warinsa ba daɗi, amma da ya bushe sai ya yi santsi da ƙarfi, ɗigo ɗaya bai sauko mana ba har yau.

Inda suka fi burge ni shi ne zaure. Rufinsa ɗaurin guga ne, wato wanda ke zaune a kan bakuna masu lanƙwasa da ake kira bakan gizo, an lulluɓe shi da fenti shekara da shekaru. Da suka kankare a hankali sai ga zanen asali ya fito a jikin bakan gizon, har da dagi a saman ƙofa. Baba ya gyara inda ya guntule da ɗan cokali da yatsunsa, kwana tara yana kai. Matashin nan ya ɓoye ƙananan fitilu a gindin kowane baka, da dare haske ya bi lanƙwasar ya hau sama. Inna da ta shigo ta daɗe tsaye, sannan ta ce haka yake ranar da aka kawo ta.

Kicin da banɗakuna sababbi ne, na bulo da tayil, an ware su daga tsohon gini don kada bututun ruwa ya ratsa ƙasa. A kan rufinsu aka ɗora sola. Wannan shawara ta mai zanen ce, kuma ta yi.

Sai dai akwai inda na sha wuya. An ce mini wata huɗu, aiki ya ci takwas. Azara goma sha ɗaya muka canza, kuma samun ƙosasshiyar giginya, wadda gara ba ta ci, ya ɗauke mu mako shida. Da ruwa ya sauka rabin yaran suka tafi gona. Lissafi ma duk da baki ake yi, ba takarda, har sau biyu muka samu saɓani a kan kuɗin kaya. Wanda zai ɗauki irin waɗannan magina ya fara da zarar an gama girbi, ya kuma rubuta komai a gaban shaida.

Duk da haka, da za a sake, su zan kira. A bazarar bana Inna ta yi ta barcin rana a ɗakinta ba fanka, mu da ke gidan kwano muna neman inuwa. Makuba tana son sabuntawa, musamman bangon gabas da ruwa ya fi duka, don haka mun yi da Baba zai dawo a watan Disamba ya sake masa yaɓe, ya kuma duba zanko ɗaya, wato tsinin da ke saman kusurwar soro, da ya fara tsagewa.