Rakiyar ziyara zuwa Masallacin Rustam Basha: ta cancanci kuɗinta?

'Yan kasuwarmu na Garwa, Marwa da Njamena da ke sauka unguwar Laleli a Istanbul sun san masu rakiyar nan da ke yi musu tayin zagayen rabin yini. A cikin wuraren da suke kaiwa, Masallacin Rustam Basha ne ya fi buƙatar ɗan jagora, don ƙofarsa ɓoyayya ce.

Daga tashar Laleli a hau taragon T1, tasha ta shida ita ce Eminonu. Sai a taka ta gefen Kasuwar Masar a shiga layin masu tabarma. Masallacin yana bisa bene, shaguna na ƙarƙashinsa, kuma hayarsu ce aka yi wakafi don riƙe shi tun asali. Matakalar ƙunci ce a cikin bango, baƙo kan wuce ta sau biyu bai lura ba. A nan mai rakiya yake cin kuɗinsa halal.

Babban magini Mi'imar Sinan ne ya gina shi wajen 1563, da sunan Rustam Basha, wanda ya rasu a 1561, babban wazirin Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya kuma surukinsa. Hasumiya ɗaya ce. Kubba ta zauna kan ginshiƙai takwas, huɗu a tsaye su kaɗai, huɗu a jikin bango, shi ya sa ɗakin yake da sarari duk da ƙanƙantarsa. Amma abin kallo tayil ɗin garin Iznik ne da ya lulluɓe bango da ginshiƙai da mihrabi. Ku matsa kusa: shuɗin a kwance yake, jan kuwa ya ɗan taso kamar ɗigon lalle, saboda da kauri ake shafa shi kafin gashi. A shirayin waje akwai inda aka cike gurbi da tayil da bai dace da zanen ba, ɗan jagora na ƙwarai zai nuna muku.

Aibin hidimar gaggawa ce. Wasu minti goma suke bayarwa, sai su ja ku shagon kayan ƙamshi inda suke da la'ada. Ku yanke sharaɗi tun a masauki: minti arba'in a masallaci, da Azahar a ciki. Shiga kyauta ce, kada a sa muku ita a lissafi. Ku riƙe leda ta takalma, Hajiya ta zo da mayafinta. Ranar Juma'a 'yan kasuwa kan cika shi har shirayi, don haka mai son duba gini ya zaɓi wata rana da hantsi.