Fesa metanol a turbo: mai makunni ɗaya ko mai kwamfuta?

Ɗan'uwa mai GTI da ya tambaya wanne zai ɗaura tsakanin na'urar fesa ruwa da metanol (mai sanyaya iskar da turbo ke tura wa inji) mai makunni ɗaya da mai kwamfuta, ɗauki mai kwamfuta. Duka biyun sun zauna a motata, Golf GTI Mk6 mai injin 2.0 TSI irin taka, kuma ɗaya ce kawai zan sake kashe wa kuɗi.

Kafin malaman zauren nan su taso min, wannan ba giyar sha ba ce. Metanol guba ne, kurɓi kaɗan yana makanta mutum ko ya kai shi kabari. A inji ake zuba shi.

Mai makunni ɗaya ita na fara saya don araha, kuma arahar ce kaɗai abin yabonta. Da matsin turbo ya kai inda aka saita, sai ta buɗe famfo gaba ɗaya, ko injin yana buƙata ko ba ya buƙata. A giya ta huɗu in na taka totur daga ƙasa, motar sai ta shaƙe kamar wanda aka ɗura wa ruwa yana barci, ta yi tari biyu sannan ta tafi. Wata uku na cire ta. Tana sito har yau, ko kyauta ba zan ba wanda nake ƙauna ba.

Ita kuwa mai kwamfutar, bari in ba ka labarin ranar da ta shiga raina. Watan Afrilu ne, bayan azahar, zafin Kano ya haura digiri 40, na kama hanyar Zariya. Ka san inda kamfani ya cusa intakular motar nan, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, tsakanin kwandensar AC da lagireto, zafi gaba zafi baya. A da, in na wuce tirela biyu a jere, ta uku sai in ji motar ta yi sanyin jiki, kamar an ɗora mata buhunan siminti. Ba lalacewa ba ce. Iskar da ke shiga injin ce ta yi zafi, kwakwalwar motar ta ji alamar fetur yana fashewa da kansa ba bisa ƙa'ida ba, sai ta ja taimin, wato lokacin ba da wutar fulogi, baya don ta ceci fistin. Ranar nan ƙanena yana gefe riƙe da waya, mun haɗa ta da soket ɗin OBD, inda ake karanta bayanan inji, yana karanto min zafin iskar. Muna fitowa daga cunkoso yana cewa sittin da wani abu. Wajen Kwanar Dangora na samu fili na taka, fitilar na'urar ta kama, sai na ji yaron ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, lambar nan ƙasa take yi." Kafin in saki totur ta sauko cikin arba'in. Na wuce manyan motoci huɗu a jere, ta huɗun da ƙarfin ta farkon. Babu tari, babu fizga. In ba don fitilar ba, ba za ka san lokacin da ta fara fesawa ba.

Sirrin a nan yake. Kwamfutar na'urar tana karanta matsin iskar turbo, ta fara da yayyafi, tana ƙarawa yadda matsin ke hawa. Tawa na saita ta fara a psi 8 (ma'aunin matsi ne), ta cika a wajen 17. Ruwa in zai zama tururi yana shanye zafi mai yawa, kusan kilojul 2,260 a kowane kilo, metanol kusan 1,100, fetur kuwa bai wuce 350 ba. Ruwan ke sanyaya iskar, metanol ɗin kuma ya ƙone a matsayin mai, da oktan ɗinsa, wato ma'aunin jure matsi ba tare da fashewa ba, da ya haura 100. Mu da fetur ɗinmu bai kai 95 da 98 ɗin da Turawa ke zuba wa waɗannan motoci a ƙasashensu ba, nan ne amfanin ya fi fitowa. Kuma dabarar ta girme mu duka. Jamusawa sun yi ta a jiragen yaƙinsu Messerschmitt Bf 109 a Yaƙin Duniya na Biyu, suna kiranta MW 50, wato rabi metanol rabi ruwa. A 2016 BMW ta fito da M4 GTS da tankin ruwa mai lita 5 a but, ita zallar ruwa take fesawa, ƙarfinta ya kai doki 500 alhali M4 ta gama-gari tana 431.

Amma ba santsin tafiya ne babban dalilin da ya sa na ce ka ɗauki mai kwamfuta ba. Babban dalilin shi ne ranar da ruwan zai ƙi zuwa. Tanki yana ƙarewa, nozil, wato bakin feshin, yana toshewa, fiyus yana ƙonewa, tiyo yana zamewa. In wanda ya yi maka tunin, wato sake saitin kwakwalwar motar, ya ƙara taimin da matsi bisa dogaro da feshin, sai feshin ya tsaya kana kan totur, fistin ne zai biya bashin. Mai makunni ɗaya ba ta san komai ba, famfo na kuka ko babu ɗigo ɗaya ita dai ta kunna. Mai kwamfuta ta kirki tana da na'urar jin ruwan tanki, wasu har da ma'aunin gudun ruwan a tiyo, da wayar da za ka haɗa ta rage matsin turbo da zarar an samu matsala. Wannan darasin tun 1962 aka koye shi a Amurka. Oldsmobile Jetfire ta fito da turbo da tankin ruwa da metanol daga kamfani, masu ita suka riƙa mantawa da cika tankin, motar ta rage wa kanta ƙarfi, su kuma su koma wajen dila suna ƙorafi. Shekara biyu kacal aka yi ana ƙera ta, daga baya aka cire wa da yawa turbo ɗin. Su ma kariyar da aka sa musu ce ta hana injinansu tarwatsewa. Ni shawarata, bar tunin ɗinka yadda motar za ta rayu da fetur kaɗai, feshin ya zama ƙari.

Wajen ɗaurawa, kar ka miƙa wa mai wayarin makulli ka tafi cin abinci. Tsaya a kansa. Nozil yana zama a bututun da ya fito daga intakula zuwa maƙogwaron totur, kamar taƙi guda kafin maƙogwaron, kuma ya riga sensar zafin iska, don kwakwalwar motar ta ji sanyin ta saki taimin. Kada ya kuskura ya sa shi gaban turbo ko gaban sensar MAF mai auna yawan iskar da ke shiga. A kwance bututun a fito da shi waje kafin a huda, a wanke, domin ɓarɓashi ɗaya in ya faɗa ciki silinda zai nufa. Famfo ya zauna ƙasa da tanki don ruwa ya gangaro masa. In tankin ya fi nozil tudu, dole a sa bawul mai wuta kusa da nozil ɗin, in ba haka ba ruwa zai riƙa tsiyaya cikin bututu motar tana ajiye. Ruwa ba ya matsuwa. In ya taru a silinda ka murza makulli da safe, sandar fistin ce za ta lanƙwashe, kuma wannan shi ne nokin na gaske da bakanike ke faɗa wa mutum yana sosa ƙeya. Nozil kuma kar ka bi babba don burga. Nawa mai kusan mililita 375 a minti ne, ya ishi injin lita biyu da turbon kamfani. Kafin a ɗaura shi, a riƙe shi a waje a gwada da zallar ruwa. Hazo ake so ya fito, ba zirin ruwa irin na buta ba.

In tankin a but ka sa shi, fitar da tiyon numfashinsa waje. Tururin metanol a rufaffiyar mota da rana ba abin shaƙa ba ne, kuma wutarsa da rana ba ta ganuwa sosai, sai dai ka ji zafi. Sa safar hannu in za ka gauraya, jarkar kuma a rubuta mata guba a kulle inda yara ba sa kaiwa, don kamarsa ɗaya da ruwan sha.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, hattara da 'yan kasuwa. Akwai masu ɗauko famfon feshin gona ko na wankin gilashi su manna masa sitika su ce na metanol ne. Famfon gaske yana ba da kusan psi 200, robobinsa kuma an yi su don jure metanol, na bogi wata biyu zai fara yoyo. Wani mai shago ya taɓa miƙo min galan ya rantse metanol ne, na buɗe sai warin tina na masu fenti. Nemi naka wajen masu sayar da sinadaran ɗakin gwaji ko na masana'antu, a jarka mai hatimi. Ruwa ma haka. Tataccen ruwa ake zubawa, ba na rijiya ko na leda ba, don gishirin cikinsu ke toshe nozil. Kuma in ka ce a ba ka ruwan batir, tambaya sau biyu, domin da sunan nan ake sayar da tataccen da kuma mai asid. Rabi da rabi za ka haɗa, ka tsaya a nan.

Duba na kamfanin AEM, ko Snow Performance, ko Aquamist na Ingila, ka tabbatar samfurin da ka zaɓa yana da na'urar jin ruwan tanki da wayar kariya, ka saya daga dilan da zai ba ka rasit. In kuɗin bai kai ba, kar ka sauko kan mai makunni. Sa babbar intakula tukuna ka ci gaba da tara kuɗi, ita ba ta ƙarewa a hanya. Ranar ɗaurawa ka turo hoton bututun da alamar inda za a huda, in duba maka kafin a sa dirilin.