Gidan tarihin ƙauyen Glencolmcille: na shiga don gudun ruwa, na kusa wuni

Ruwan sama ne ya koro ni ciki, ban yi niyyar daɗewa ba. Glencolmcille yana can ƙuryar Donegal, a arewa maso yammacin Ailan, bakin teku, kuma mutanen wurin har yau suna jin harshensu na gado.

Fada James McDyer ne ya kafa gidan a 1967. Ya zo ƙauyen a 1951 ya tarar matasa sai gudu suke zuwa Ingila da Amurka neman abin yi, shi ne ya haɗa kan jama'a suka kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa. Wannan gidan ma da hannun mutanen gari aka tashe shi.

'Yan ɗakuna ne masu rufin ciyawa, kowanne na nuna zaman mutane a ƙarni na 18, na 19 ko na 20. Rufin ne ya fi tsayar da ni: an ɗaure shi da igiyoyi an maƙale a jikin bango, don iskar teku ba ta wasa. A ɗakin da ya fi tsufa kuwa, tagar ba ta wuce tafin hannu biyu ba, ga tukunyar ƙarfe rataye bisa murhu. Sai da idona ya saba da duhun kafin na hango gadon.

Ajin makarantar na leƙa kawai na wuce. A ɗakin shayi na sha miya mai zafi da burodi mai ruwan ƙasa, har na ƙara.

Hanyar zuwa siririya ce, ga tumaki kwance a kai, a fito da wuri.