Madarar gwangwani ta 'ya'yan kyanwa: garin ya yi, bulunbotin kuwa na jefar

Shekara huɗu ke nan ina kiwon kyanwoyi masu dogon gashi, irin na Farisa, a gidanmu da ke Badariya cikin Birnin Kebbi, ban taɓa sayen madarar 'ya'yan kyanwa ba sai hunturun da ya wuce. Kyanwata Fara ta haifi biyar. Kwana shida da haihuwa mamanta ya kumbura ya yi ja, zazzaɓi ya rufe ta, ɗa ya matso sai ta yi masa huci. Likitan dabbobi ya duba ta ya ce, "Hajiya, sai an raba su har ta gama magani. Sa'arki ɗaya, sun riga sun sha dakashi."

Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce a sayo nonon shanu mana. Likita ya hana. Ya ce sukarin da ke cikinsa ya fi ƙarfin hanjinsu, zawo zai sa su, kuma bai kai nonon kyanwa maiƙo da sinadarin gina jiki ba. Ya ce in riƙe su da dafaffen nonon akuya da ƙwanduwa kafin in sami madarar tasu. Na zaga gari ban samu ba, sai wurin wani mai kayan dabbobi a Kaduna da na gani a Instagram. Kwana biyu saƙon ya iso tasha. Da na haɗa da kuɗin mota ya kusa rabin buhun shinkafa. Inna ta juya gwangwanin ta ce, "Ɗiyan mussa ad da madarar Turai? Wanga aiki sai ke."

A ciki akwai gari a ledoji uku, cokalin awo, bulunboti da kawunan roba. Garin dai ban ga aibinsa ba. In ka fara zuba ruwan ɗumi sannan ka sa shi, narkewa yake ba gudaji. Nakan ɗiga a bayan hannu in ji ɗuminsa kafin in ba su. Kwana biyu da farawa kashinsu ya daidaita, kukan dare ya ragu. Ban yarda da ido ba, sikelin da nake auna fulawar cincin na ɗauko, kullum bayan sallar asuba in ɗora kowanne cikin kwano in rubuta. Ɗan kyanwa mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana, nawa ma haka suka riƙa yi. Autansu da ya tsaya a giram 130 kafin madarar ta zo ya haura 400 a mako na biyar.

Bulunbotin ne ya ba ni ciwon kai. Kan robar ba huda, kai za ka huda da kanka. Na sa allura mai zafi, suka yi ta tsotso ba abin da ke fita har suka gaji suka yi barci da yunwa. Na ƙara da reza, ashe na wuce gona da iri. Wata 'yar toka-toka tana cikin sha na ga farin kumfa na fito mata ta hanci. Da safe ƙirjinta na ƙara kamar ana murza leda, madara ta shiga huhu, washegari ta mutu a tafin hannuna. Ba zan ɗora wa robar laifin duka ba, don rigingine na riƙe ta kamar jaririn mutum, alhali kwance a kan ciki suke shan nonon uwarsu, kai ɗan sama kaɗan. Gargaɗin yana cikin takardar, amma da rubutu sitil-sitil na Turanci da Faransanci, can ƙasan shafi. Daga ranar na koma ƙaramin sirinji na kemis, ba allura, ina ɗiga musu a gefen baki. Shi na yi amfani da shi har yaye.

Masu madarar kuma da alama a garin da ba a ɗauke wuta suke, komai a ce sa a firji. Ni dai daidai shan lokaci guda nake damawa daga filas, duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana. Kafin sha sai na tabbata jikinsu da ɗumi, don ɗan da ya yi sanyi cikinsa ba ya narkar da abinci, kuma sai sun kai mako uku zuwa huɗu suke iya riƙe ɗumin jikinsu. Gorar ruwan ɗumi cikin safa a kusurwar kwali ta wadatar. Bayan sha in shafa musu ƙasan wutsiya da jiƙaƙƙiyar auduga su yi fitsari, aikin da harshen uwa ke yi.

Akwai abin da gwangwani bai zo da shi ba. Daga mako 2 zuwa 7 ɗan kyanwa ke sabawa da mutane, in ya wuce nan bai ji hannu ba da wuya ya daina gudu ƙarƙashin gado. Ta wannan fannin reno da hannu ya yi rana. Yarana na ɗaukar su suna zaune a tabarma, sun saba da janareta da lugude da hayaniyar 'yan biki, ko baƙo ne ya zauna sai ka ga sun hau cinyarsa. Sai dai cizo! Ba uwar da za ta kai musu mari in sun yi ƙarfi, sai suka mai da yatsuna abin farauta, musamman namijin. Da Fara ta warke na mayar da ita wurinsu a mako na huɗu. Nono ya ƙafe, amma ta lashe su, ta danne mai cizon da hannu ɗaya ya yi tsit, suka kuma bi ta zuwa tiren yashi. Ni ma na daina yi musu wasa da hannu, na ɗaura gashin zabo a zare.

Wani daga Jega ya matsa sai na ba shi ɗaya suna mako shida, har da ƙarin kuɗi. Na ce ya haƙura su cika 12, su sha maganin tsutsa, a yi musu rigakafinsu biyu. Ya yi fushi, amma ya dawo, namijin nan mai cizo ya zaɓa.

Madarar zan sake saye, tun kafin wata haihuwar ma, tunda cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne kawai, amma zan nemi wadda ba a haɗa ta da bulunboti ba. Leda ɗaya ta rage ban fasa ba, na duba kwanan watan lalacewarta na rubuta a jikin kalanda. Gwangwanin kuwa Inna ta karɓe, daddawa take zubawa.