A, an da the: me za ka saya wa yaro kafin ka zubar da kuɗinka

Iyayen 'yan nazare da firamare ɗaya zuwa uku, in Anti ta fara ba da asamen na kalmomin Turanci a, an da the kuma kullum yaro na dawowa da littafi cike da jan biro, to abu huɗu ne dai za a ce ka saya: littafin girama mai cike gurbi, littafin labari mai hoto, katin hotuna, sai kuma waya da data. Ni dai ga yadda nake ganinsu.

Da farko hwa yaron ba daƙiƙi ba ne. A Hausa "na ga akuya" magana ce cikakkiya, shi ya sa yake rubuta I saw goat hankalinsa kwance, ba ya jin akwai abin da ya ɓata. Amma the ɗin muna da irinsa, a wutsiyar kalma yake: na ga wata akuya, akuyar ta cinye min littafi. Wato I saw a goat, the goat ate my book. Duk abin da za ka saya ka duba ko yana koyar da wannan, ambato na farko a, na biyu the.

Littafin cike gurbi shi kowa ke fara ɗauka don yana kama da jarrabawa kuma makarantun kuɗi suna sa shi a lis. Kafin ka biya, buɗe shafin a da an nan gaban mai shago. In ka ga an rubuta cewa kalmar an na zuwa kafin kalmar da ta fara da a, e, i, o, u shi ke nan ba ƙari, to rabin gaskiya aka faɗa, domin sauti ake bi ba harafi ba. An hour ake cewa saboda ba a furta h ɗin, haka an honest boy, amma a uniform da a university saboda da sautin "yu" suke farawa. Haruffan wasali 5 ne a Turanci amma sautukan wasali sun kai wajen 20 a lafazin Ingila, nan ruɗanin yake. In ba hour ba uniform a cikin misalan, mayar masa da abinsa. Sannan ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya don na jabu sun yi yawa, tawada ta koɗe, hoto ya yi baƙi ƙirin har ba ka bambance ƙwai da lemu, wani ma shafi guda babu. Ko mai kyan ne ka samu ni ban ga amfaninsa ga ɗan shekara 5 ba, canka kawai zai yi ta yi, a bari sai aji uku.

Littafin labari mai hoto shi ne zaɓina, kuma shi iyaye suka fi rainawa wai tatsuniya ce ba karatu ba. Alhali a cikin labari ne kaɗai yaro zai ji a da the suna musayar wuri, tunda the ba ya fitowa sosai a jimla ɗaya tilo sai magana ta ci gaba. Ka zaɓi mai layi ɗaya ko biyu a shafi, manyan haruffa, da abubuwan da ya sani, kaza, kwalekwale, kasuwa. Mai dusar ƙanƙara da wasu dabbobin da yaron Argungu ko Jega bai taɓa gani ba sai ka ɓata lokaci kana bayanin hoton. Sharaɗinsa ɗaya, sai an samu mai karanta masa da ƙarfi, ko yayarsa 'yar sakandare ce, minti goma bayan an dawo Islamiyya ya isa.

Katin hotuna kam kar ka saya, sai dai in kuɗin ne ke maka ƙaiƙayi. Yawancin na kasuwa apple kawai za ka gani a ƙarƙashin hoton, ba an apple ba, to me aka yi kenan? Kwalin indomi da biron maka ɗaya sun wadatar, ku rubuta an egg, a cup, an orange, a mango, a haɗe, yaro ya haddace su tamkar kalma ɗaya. Ku sa water da rice da sugar a gefe daban, waɗannan ba sa ɗaukar a ko kaɗan, kuma nan ne manya ma ke faɗuwa da su an advice da a good news.

Waya kuma, manhajar koyar da yara ta Khan Academy Kids kyauta ce kuma yaro zai ji lafazi mai kyau, YouTube ma akwai waƙoƙi birjik, amma data za ta ci, ga matsalar caji in ba wuta, ga shi kana juya baya ya koma katun. In gidan ba mai iya karanta Turanci da ƙarfi to ita ce mafita, a sauke bidiyon da dare a kashe data kafin a miƙa masa.

In kuma malamin lesin kake tunani, ranar farko ka ce Malam don Allah a uniform ne ko an uniform, kafin ku yi maganar kuɗin wata.