Sharhi: Heneral Luna da Goyo, finafinan da ke sa 'yan Filifin tuhumar kansu

Heneral Luna, wanda Jerrold Tarog ya ba da umarni, ya fito ne a watan Satumban 2015, kuma tsawonsa bai cika awa biyu ba. Duk wanda ya zauna kallonsa da niyyar ganin jarumai suna fatattakar sojan mulkin mallaka har a ɗaga tuta, to ya sauya shiri. Amurkawa na ciki, amma ba su suka kashe Janar Antonio Luna, babban kwamandan sojojin Filifin, ba. Sojojin ƙasarsa ne suka sassare shi da adduna, suka bi shi da harsashi a garin Cabanatuan ranar 5 ga Yunin 1899. A kan wannan kisa aka gina fim ɗin gaba ɗaya.

Sai mai kallo ya riƙe abubuwa uku kafin ya kunna, don fim ɗin ba ya tsayawa dogon bayani. Emilio Aguinaldo, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko, ya ayyana 'yancin Filifin daga Sifaniya ranar 12 ga Yunin 1898 a garinsu, Kawit. A Disambar shekarar Sifaniya ta miƙa wa Amurka tsibiran a yarjejeniyar Paris kan dala miliyan 20. A ranar 4 ga Fabrairun 1899 kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin sabuwar jamhuriyar da Amurka. Wanda bai san wannan ba zai rasa gane abin da ake ta ɗaga murya a kai a zaman majalisar ministoci da aka buɗe labarin da shi, inda Pedro Paterno da Felipe Buencamino ke neman a sasanta da Amurka don kasuwanci ya ci gaba, Luna kuma yana cewa a kai hari tun kafin ƙarin sojoji su iso Manila.

John Arcilla ya riƙe rawar Luna yadda ya kamata: gashin baki, zafin zuciya, ashar, sai kuma raha a inda ba a zata ba. Amma abin da ke taɓa ɗan Filifin a fim ɗin ƙananan al'amura ne. Luna ya ƙwace jirgin ƙasa don kai sojoji fagen daga, da ya leƙa sai ya tarar hafsoshi sun cika taragu da matansu da 'yan uwansu, dole ya kore su da kansa. Rundunar Kawit ta ƙi kai ɗauki, kyaftin ɗinta Pedro Janolino ya ce shi umarnin Aguinaldo kaɗai yake bi. Janar Tomás Mascardo ya ƙi jin kira, Luna ya kwashe sojoji daga bakin daga ya tafi ladabtar da shi a Pampanga, kafin ya dawo Amurkawa sun keta shingen da ke Bagbag. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma fim ɗin ya bi tsagar ɗaya bayan ɗaya: ɗan garinmu, ɗan gidanmu, ubangidana. Kishin ƙasar da yake tayarwa daga kunya yake fitowa, shi ya sa ya kama matasa. An yi wa ɗalibai rangwamen rabin kuɗin tikiti, gidajen sinima da dama sun sauke shi bayan makon farko, sai surutun masu kallo a intanet ya sa aka dawo da shi, har ya tara sama da peso miliyan 250.

Wurin kisan ya fi ko'ina ƙarfi. An aika wa Luna saƙon telegiram cewa shugaban ƙasa na nemansa, ya iso ya tarar Aguinaldo ba ya nan, sai Buencamino da sojojin Kawit ɗin da ya taɓa ƙwace wa makamai. Bayan an gama da shi da mataimakinsa Kanar Paco Román, an ja gawarwakin a ƙasa cikin tsari irin na zanen Spoliarium, wanda yayansa Juan Luna ya ci lambar zinare da shi a Madrid a 1884. Ɗan Filifin yana ganewa nan take. Baƙo kuwa gara ya nemi hoton zanen ya duba tukuna.

Akwai inda fim ɗin ya gaza. Janar-janar na Amurka, Otis da MacArthur, ba a ba su nauyi ba, kusan 'yan kallo ne masu dariya. Ɗan jarida Joven da masoyiya Isabel ƙirƙira ce, ko da yake an faɗa tun farko cewa an cakuɗa tarihi da ƙage. Babban aibin shi ne yadda aka ƙawata Luna. Mutumin da dokarsa ta farko ke cewa a harbe duk wanda ya ƙi bin umarni ba tare da shari'a ba, ga shi ana tafa masa. Ba a kuma zurfafa kan cewa bai shiga boren da aka yi wa Sifaniya a 1896 ba, kama shi aka yi aka kai shi kurkuku a Madrid. Matashi zai iya tashi da tunanin cewa maganin ƙasa shi ne shugaba mai fushi da bulala.

Goyo: Ang Batang Heneral na 2018 kamar amsa ce ga wannan. Paulo Avelino ya fito a matsayin Gregorio del Pilar, wanda ake wa laƙabi da Goyo, janar ɗan shekara 24, ɗan lelen Aguinaldo, wanda aka ba aikin farautar mutanen Luna. Fim ɗin ya kai awa biyu da rabi, kuma rabinsa na farko yana tafiyar hawainiya: bukukuwa a Dagupan, ɗaukar hoto, neman auren wata budurwa mai suna Remedios, alhali Amurka na shiri. Da gangan aka yi haka, sai dai yana gajiyarwa. Lada na zuwa a mashigin Tirad, 2 ga Disambar 1899, inda mutum 60 suka tare hanya don Aguinaldo ya tsere. An nuna ramukan da suka haƙa, da yadda wani mai suna Januario Galut ya nuna wa sojojin Manjo Peyton March ɓarauniyar hanyar da ta ɓullo ta bayansu. Harsashi ɗaya a wuya ya gama da Goyo, babu jawabi, babu kiɗan jarumta, aka tuɓe wa gawarsa kaya. Tambayar da fim ɗin ke yi ita ce ko ƙasa ya bauta wa ko mutum ɗaya. Bai yi kasuwa kamar na farko ba, amma a ganina ya fi shi gaskiya.

Ko finafinan na koyar da tarihi? Ɗan wasan da ya fito a matsayin Apolinario Mabini ya ce wasu ɗalibai sun tambaye shi me ya sa bai taɓa miƙewa tsaye ba, ba su san cutar shan inna ce ta kwantar da firayim ministansu na farko ba. Fim yana ta da sha'awa, karatu kuma aikin makaranta ne.

Mai son bin labarin a jere ya fara da GomBurZa na 2023, kan limaman Katolika uku da Sifaniya ta shaƙe ranar 17 ga Fabrairun 1872, sai José Rizal na 1998, kan marubucin nan gwarzon ƙasar, wanda ya kusa awa uku, sannan Luna, sannan Goyo. Yawancin maganar da harshen Tagalog ake yi, da ɗan Sifaniyanci da Turanci, don haka a tabbatar kwafin na da rubutun fassara a ƙasa. Heneral Luna ba na kallo da yara ba ne: akwai jini sosai, akwai ashar, akwai kuma wani wurin kwanciya da ya kamata a wuce idan ana zaune da iyali.